A Jikin Wa Ake Koyon Allura?

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin gwamnati a Arewa, ko shi ne a kan gado ko jinya ya je yi, ya san ba likita ne ya fi zuwa kansa ba. Likita zai zagayo da safe, ya buɗe fayil, ya yi rubutu, ya wuce gado na gaba. Sista tana can ƙarshen ɗaki tana fama da mutum uku a lokaci guda. Hannun da ke ɗaura maka abin awon jini, ya laluɓi jijiya, ya sauya ledar ƙarin ruwa, ya wanke ciwo ya naɗe, galibi na wata yarinya ne ko wani yaro da bai fi shekara 20 ba, sanye da kayan makaranta, wanda aka turo koyon aiki. Wasu daga makarantun jinya da ungozoma suke, irin na Birnin Kudu da Madobi da Malumfashi. Wasu daga makarantun kiwon lafiya masu yaye CHEW da JCHEW, wato ma'aikatan lafiyar al'umma manya da ƙanana, irin na Maƙarfi da Jahun da Kankiya da Tsafe. Wasu kuma ba makarantar da ta turo su, wani asibitin kuɗi ne ya ɗauke su yana koya musu. Majinyaci bai san wannan bambanci ba. Duk "nas" ne a wurinsa, in namiji ne ma "likita".

Ban ga laifin hakan a karan kansa ba. Da koyo akan iya, kuma ba a allo ake gama karatun jinya ba. Kowace ƙwararriyar sista da ake yabo yau ta taɓa sa wa wani allurarta ta farko hannu na rawa. Ƙorafina shi ne mun mayar da ɗalibin da aka turo koyo ma'aikacin da ba a biya, muka toshe giɓin ma'aikata da shi, sannan muka ƙi ajiye masa wanda zai tsaya a kansa. Shi ana cutar karatunsa, majinyaci kuma ana cutar jikinsa, kuma dukansu biyun ba su da bakin magana.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Ɗalibi zai zauna a aji, sannan a kai shi ɗakin gwaji inda akwai gado da mutum-mutumi, ya koyi shimfiɗa zani, da juya marar lafiya, da sa robar fitsari, da riƙon sirinji. Daga nan a tura shi fostin, wato koyon aiki a asibiti, da littafi a hannu, wanda aka jera ayyukan da dole ya ƙware a kansu. Kowane aiki zai fara gani ana yi, ya yi a gaban wanda ya iya, a gyara masa, ya maimaita, sai an gamsu sannan a sa masa hannu. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya haka take buƙata, hukumar da ke yi wa CHEW rajista ma tana da nata littafin. Matsalar tana farawa ne daga ranar da motar makaranta ta sauke su a ƙofar asibiti.

Ɗauki awon safe kawai, aikin da kowa ya raina. Da asuba, kafin masu dutin dare su miƙa ɗaki, sai a ce wa ɗalibai biyu su bi gadaje su auna kowa: jini, bugun wuyan hannu, numfashi, zafin jiki. Abin awon jinin ɗaya ne a ɗakin, wani lokaci robarsa ta tsage an naɗe da filasta. Shi numfashi minti guda cur ake ƙirga shi, ido a kan ƙirjin majinyaci, kuma ba a bari ya gane ana ƙirgawa, don in ya gane zai sauya yadda yake shaƙa. Shi ya sa masu iyawa ke ci gaba da riƙe wuyan hannu kamar har yanzu bugun suke ji. To yarinyar da ba ta runtsa ba tun jiya, ga gadaje jere har bango, ga sista na cewa "ku yi sauri mana", me za ta yi? Sai ta leƙa abin da aka rubuta jiya da yamma ta kwafa. Bi takardun da ke rataye a ƙarshen gado a wasu ɗakunan ka gani: numfashi 20, 20, 20 daga sama har ƙasa, jini 120/80 kamar da hatimi aka buga.

Ba maƙaryaciya ba ce. Ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita ya ce, "Kin ga wannan lambar da kike rubutawa? In mai ciki ce kika ga ta kai 140/90, ki sake aunawa ki faɗa min. In ta kai 160/110, ki bar duk abin da kike yi ki kira ni da gudu, ko salla nake ki tsaya a kaina." Ba wanda ya nuna mata cewa ƙaramin maɗauri a kan dantse mai kauri yana ba da lambar da ta zarce ta gaskiya, ko ya gaya mata cewa sau da yawa saurin numfashi shi ne alamar farko da jiki ke bayarwa kafin mutum ya rikice. A wurinta awo cike takarda ne. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka mutu a sanadin ciki da haihuwa a shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma jijjigar da ke tafiya da hawan jini na cikin manyan masu kashe su, wannan lambar da aka kwafa ba ƙaramin abu ba ce. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗabi'ar ba ta tsayawa a fostin. Yadda hannu ya saba a shekarar farko haka zai tafi da shi har ritaya, kuma wata rana ita ce za ta koya wa na baya.

Shi kuwa littafin sa hannu, kowa a harkar ya san yadda ake ƙarewa da shi. Satin ƙarshe sai ka ga ɗalibai sun yi cirko-cirko a ƙofar ofis, littattafai a ƙirji. "Sista, don Allah ki taimaka ki sa min hannu, gobe za a karɓa." Ita kuma ta ja kujera, ta buɗe, ta bi layi tana sa hannu a kan aikin da ba ta ga an yi ba, wani ma ba a taɓa yin irinsa a ɗakin ba tun da suka zo. Tausayi ne ya sa ta, don in ta ƙi yaron ba zai zauna jarrabawa ba. Amma wannan sa hannun shaida ce, tana cewa na gani da idona wannan ya iya. A kan irin wannan shaidar ake ɗora lasisi.

Kada a ɗauka sista nake zargi. Wanda ya ga yadda mace ɗaya ko biyu ke riƙe ɗaki mai gadaje 30 daga dare zuwa safe, ga masu kwana a ƙasa, ga wuta na ɗaukewa, ga 'yan jinya na ta sallama a kanta, ba zai iya buɗe baki ya ce ta ƙara da koyarwa kyauta ba. Koyarwa tana cin lokaci. Allurar da za ta yi cikin minti ɗaya, in ɗalibi ne zai yi a gabanta sai ta ci biyar. Ba a rage mata majinyata ba, ba a ƙara mata kwabo ba, ba a koya mata yadda ake koyarwa ba, sau da yawa ma ba a sanar da ita ɗalibai na zuwa ba, sai dai ta gan su tsaye. Kuma waɗanda suka fi iya koyarwar su ne ke tafiya. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara 3, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Ingila da Saudiyya da Amurka ba sabon yaye suka fi nema ba, hannun da ya goge suke so.

Maganin da gwamnatin tarayya ta kawo shi ne a ƙara yawan waɗanda ake ɗauka. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa an ɗaga gurbin ɗaliban likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. A fuska abin murna ne, musamman gare mu da asibitocin ƙauyukanmu ke kulle don babu mai zama. Sai dai ƙara benci a aji aikin kafinta ne na sati guda. Gado a asibiti, da majinyacin da ke kansa, da ƙwararren da zai tsaya ya nuna, su ne ba a ninkawa da sanarwa. Malamai na raguwa, ɗalibai na ninkuwa, asibitocin kuma su ne dai na da. Shi ya sa a manyan asibitocin birni za ka ga ɗalibai goma sha sun kewaye mace ɗaya tana naƙuda, daga makarantu uku ko huɗu, na baya suna ɗaga ƙafa suna leƙe, kowa kuma zai rubuta a littafinsa cewa ya karɓi haihuwa. Ga kuma makarantun kuɗi da ke tsirowa a gidajen haya. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe guda 26 da ta ce ba su da izini. Tambayar da ya kamata a fara yi wa duk mai son buɗe irin wannan makaranta ita ce wane asibiti ne zai koyar da ɗalibanka, gado nawa gare shi, kuma makarantu nawa ne suka riga ka a can.

Akwai wani ɓangaren da mu kanmu muke da hannu a ciki. Mu mutane ne masu ganin girman allura. Wanda ya je asibiti aka ba shi ƙwayoyi kawai gani yake ba a duba shi ba. Wanda aka sa wa ruwa leda biyu shi ne ya ga likita. Ɗalibai 'ya'yanmu ne, da wannan tunanin suka taso. Tun satin farko burin kowa ya iya allura, ya iya sa kanula, wato robar da ake sawa a jijiya, ya iya ɗinki, don su ne abin da za a gani a unguwa a ce wance ta zama nas. Ainihin aikin da aka san mai taimakon jinya da shi a duniya kuwa, wato wanka, da goge baki, da juya wanda ba ya iya juyawa, da ba da abinci a hankali ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wa haɗiya, da kawo fo da ɗauke shi, da lura da fitsari nawa ya fita, duk an sakar wa 'yan jinya. A asibitocinmu ɗiyar majinyaci ko matarsa ko ƙaninsa ke yi, ba tare da an nuna musu komai ba.

Na ga wani dattijo da aka kwantar bayan ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa ba su gaza ba, suna kewaye da shi dare da rana, ga fulas ga 'ya'yan itace, wannan na fifita wannan na tofi. Amma a rigingine yake tun ranar da aka kawo shi, don suna tsoron taɓa shi kada su fama masa. Ɗalibai na zuwa su auna shi su tafi. Ranar da wata tsohuwar nas ta ɗaga zanin, bayan ƙugunsa ya riga ya yi baƙi ya fara buɗewa, ga dugadugansa ma sun yi ja. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira ɗalibai biyu da babban ɗansa, ta ce, "Baba, za mu juya ka, ka yi haƙuri." Ta nuna musu yadda ake lanƙwasa gwiwa, a sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, a mirgino shi gefe ba a ja shi a kan zani ba, a cusa matashi a baya da tsakanin gwiwoyi, a miƙe zanin kada ya tattare a ƙarƙashinsa. Ta ce duk bayan awa 2, ta rubuta lokutan a takarda ta liƙa a bango. Duka bai ci minti 10 ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban shekararta ta biyu ke nan a makaranta, ta iya sa kanula a hannun jariri, amma ranar ta fara juya babban mutum. Gyambon kwanciya yana iya cin watanni bai warke ba, yana iya kashewa, kuma abin da ke hana shi ba a sayen sa a kemis.

Na san kunya na ciki. Yarinyar da aka tarbiyyantar ba ta haɗa ido da sa'an mahaifinta ba, a ce ta yi masa wanka, abu ne mai nauyi, shi ma dattijon ba zai so ba. Wannan ba hujjar barin aikin ba ce, hujjar tsara shi ce: maza su koya a ɗakin maza, mata a na mata, a sa labule, a koyi rufe abin da ba a wankewa a lokacin. Addininmu da al'adarmu sun san suturta mutum, har gawa ma ba a yi mata wanka a buɗe. Malami ne kawai ke iya ɗaukar wannan tarbiyyar ta gida ya mayar da ita ƙwarewar aiki. In babu shi, kunyar sai ta zama gudu.

Sai maganar wanda ake koyo a jikinsa. Ba a kai ɗalibai ɗakin alfarma inda ake biyan kuɗi da yawa, ba a kai su asibitin da manya ke zuwa. A jikin talaka ake koyo, mutumin ƙauye da ya sayar da akuya ya zo, wanda ba ya jin Turancin da ake yi a kansa, wanda in an soke shi sau huɗu ba a sami jijiya ba sai dai ya ce "ba komai, 'yata, Allah ya yi miki albarka". Haƙurinsa ba izini ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki da abin da za a yi masa, da harshen da yake ganewa, kuma yana da ikon ƙi. A 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙin majinyata a Abuja. Amma sau nawa ka ji an ce, "Mama, wannan ɗaliba ce, tana koyo, ni zan tsaya a kanta, kin yarda ta sa miki?" Masu cewa in an tambaya kowa zai ƙi, ban yarda da su ba. Mutanenmu ba su da rowar jikinsu ga mai koyo in an girmama su, da yawa ma lada suke gani a ciki. Abin da ke sa su yarda shi ne jin cewa babba na tsaye. Ina zargin dalilin da ya sa ba a tambayar shi ne ba za a iya faɗin wannan rabin maganar ba, domin babbar ba za ta tsaya ba. Dokar da masu aikin kirki ke bi mai sauƙi ce: ka gwada sau biyu ba ka samu ba, ka kira wanda ya fi ka. Ɗalibin da ba shi da wanda zai kira, ko yake tsoron tsawar da za ta biyo baya, shi ne ke kaiwa na biyar.

Tsawar ma abin magana ce. Akwai ɗakunan da ɗalibi bai isa ya zauna ba, bai isa ya yi tambaya ba, aikinsa sayo abinci da kati da kai fayil. In ya yi kuskure a gaban 'yan jinya za a wanke shi tas. Masu yin haka suna cewa su ma haka aka yi musu, kuma aikin rai ba ya son wasa. Gaskiya ne ba ya son wasa. Amma abin da tsawa ke koya wa yaro shi ne ɓoye kuskure. Wanda ya ba da magani ga gadon da ba nasa ba, in ya faɗa cikin minti 5 ana iya ceto. In ya yi shiru don tsoro, sai dai a ce "lokaci ne ya yi".

Kuma jikin ɗalibin ma cikin haɗari yake. Allura takan soki mai yin ta, yawanci wajen mayar da murfi da hannu biyu, abin da aka hana amma ake yi kullum saboda kwalin zubar da allurai ya cika ko babu shi. Ciwon hanta nau'in B ya fi cutar da ke karya garkuwar jiki saurin kamawa ta wannan hanya nesa ba kusa ba, kuma yana da riga-kafi, allura 3 cikin wata 6. Ban ga dalilin da zai sa makaranta ta karɓi kuɗin yaro ta tura shi cikin jini ba tare da ta tabbatar an yi masa ba. In allurar wani ta soke shi, akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da ake farawa kafin awa 72 su cika, a sha kwana 28. Ɗalibai nawa ne suka san ƙofar da za su ƙwanƙwasa da ƙarfe 2 na dare in hakan ta faru? Yawanci sai su matse yatsa, su goga sifirit, su yi shiru. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano bayan sun yi aiki a kan marar lafiyar da ba a san tana ɗauke da shi ba. In ƙwararru sun faɗa, ina ga yaron da ke sayen safar hannu daga kuɗin motarsa, yana lallaɓa guda ɗaya daga gado zuwa gado? Ma'aikaci in ya kamu akwai ƙungiya a bayansa. Ɗalibi sai iyayensa.

Yanzu ga waɗanda ba a son ambata, 'yan koyon asibitocin kuɗi. Yarinya ta gama sakandare ba ta sami gurbi ba, sai a kai ta wurin wani likita ko wani mai asibiti, a biya, ta yi shekara 2 ko 3 tana shara tana kallo, a hankali a sakar mata allura da ƙarin ruwa, daga baya a yi walima a ba ta takarda mai hatimin asibitin. Hukumar jinya ba ta san da wannan takarda ba, kuma ta sha faɗin haka. Abin mamaki, ta wani fannin sun fi 'yan makaranta sakin hannu, don kullum suna cikin aikin. Abin da ba su da shi shi ne dalili. Ta san yadda ake sa ruwa, ba ta san wanda ruwan zai cika wa huhu ba. Ta ga ana yin allurar ƙara naƙuda, ba ta san tana iya fasa mahaifa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Su ne ke komawa unguwa su zama nas ta gida, ko su tsaya a bayan kanta a kemis, kuma su ne talaka ke fara kira da dare.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa wasu abokaina ma'aikatan jinya daɗi ba. Kame da rufe asibiti ba su kawar da waɗannan mutane ba, kuma ba za su kawar ba muddin buƙatar na nan. Gara a buɗe matakin mai taimakon jinya a hukumance, da gajeren horo, da jarrabawa, da rajista, da iyaka a rubuce: yana wanka, yana juyawa, yana ciyarwa, yana awo ya kai rahoto, ba ya allura, ba ya rubuta magani, ba ya aiki sai ƙarƙashin nas mai lasisi. Ba sabon abu ba ne. A Amurka tun dokar 1987 aka wajabta wa masu wannan aiki a gidajen kula da tsofaffi horon aƙalla awa 75, da wani kaso na aikin hannu a gaban malami, sannan jarrabawa. Ingila ta shigo da takardar shaidar masu taimakon jinya a 2015, bayan abin kunyar asibitin Stafford inda aka bar majinyata cikin ƙazanta da ƙishirwa. Mu ma tun 2014 muna da manufar sauke wasu ayyuka daga manyan ma'aikata zuwa na ƙasa da su, kuma hukumar jinya da kanta ta buɗe karatun jinya da ungozoma na karkara mai shekara 2. Tsoron masu adawa shi ne gwamnoni da masu asibitocin kuɗi za su daina ɗaukar nas su cika ɗakuna da masu arha. Tsoro ne mai tushe, don mun san halin mutanenmu. Amma abin da suke tsoron yana faruwa yanzu haka, a ɓoye, ba iyaka ba rajista, da 'yan koyo da kuma ɗaliban fostin.

Ko an yi wannan ko ba a yi ba, abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: kada a sake tura ɗalibi ɗakin majinyata sai da sunan wanda zai koya masa a rubuce. Mutum ɗaya sananne, da 'yan ɗalibai kaɗan da zai iya sanin sunayensu, a rage masa wani aikin, a ba shi alawus ko da kaɗan ne, kuma shi kaɗai ke da ikon sa hannu a littafinsu, a ranar da aka yi aikin, a gefen gadon. A Ingila ba a lissafa ɗalibi cikin ma'aikatan da ke bakin aiki. In ɗaki na buƙatar mutum huɗu, huɗun ne za su zo, ɗalibi ƙari ne. Ba mu da ma'aikatan da za mu kai nan gobe, amma muna iya hana a bar ɗalibi shi kaɗai da ɗaki da dare, kuma wannan takarda ɗaya ce daga hukumar kula da asibitocin jiha. Muna iya daina cusa kowa a asibitocin babban birni alhali manyan asibitocin ƙananan hukumomi na da majinyata ba ɗalibai, in dai za a tura malami tare da su a kuma ba su wurin kwana mai tsaro. Ga tsofaffin nas-nas da ungozomomi da suka yi ritaya suna zaune a gida da ilimin shekara 35 a hannunsu. Da yawansu za su karɓi aikin kwana uku a sati. Shirin nan na horar da mata ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya nuna cewa in an sa kuɗi a malamai da ɗakunan kwana da kayan gwaji, makarantunmu na iya cika sharuɗɗan hukuma, 'yan matan karkara kuma na iya gamawa. Shirin ya ƙare, aikin ya koma hannun jihohi.

Za a ce ina kuɗi. Makarantu da dama, musamman na kuɗi, suna karɓar kuɗin fostin daga iyaye kowace shekara, ban da na kayan sawa da na littafi. Wani kaso na tafiya wurin asibiti, amma sistar da ɗalibai suka tsaya a kanta wata guda da wuya ta ga ko na ruwan sanyi. A fara da wannan kuɗin. Uban da ya biya shi kuma yana da haƙƙin tambaya. In 'yarka ta dawo hutu, kada ka tsaya a "kin iya allura?" Tambaye ta wa ke tsaye a kanta in tana yi, a kuma yi mata riga-kafin ciwon hanta ko ba a yi ba. In ta kasa kawo suna, ka ɗauki rasidinka ka tafi ofishin shugaban makarantar.